Wane Shafin Intanet Zan Nuna Wa Ɗalibaina?

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a sakandare. Na ba ɗalibaina aiki kan Daular Usmaniyya, sai kowa ya kwaso nasa daga intanet, bayanan suna ta karo da juna. Yaya zan gane shafi ko manhajar da ta dace? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Kada ki hana su intanet, ki koya musu tankaɗe da rairaya.

Da farko ki gwada shafin da abin da kika sani. An fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Shafin da ya kuskure waɗannan, a bar shi.

Sannan ki duba wanda ya rubuta: jami'a ce, gidan tarihi ne, ko wani marar suna? Ya faɗi inda ya samo bayaninsa? Wikipedia kowa na iya gyara ta, don haka su fara da ita, amma su bi littattafan da ta ambata a ƙasa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa sukan ƙago sunan littafin da babu shi, sai an bincika.

Kafin ki biya kuɗin manhaja, gwada ta a ƙaramar waya, ki ga yawan datar da take ci da irin tallan da take nunawa.

Ki sa kowane ɗalibi ya gwama shafuka biyu da littafi ɗaya, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. In da hali, kai su Arewa House a Kaduna su ga takardun asali. Wanda ya kwafo bai faɗi tushe ba, kada ki ba shi maki.