Photoshop ko Elements: Wanne Zan Saya?

Tambaya: Sana'ata ɗaukar hotunan biki da suna. Shin sai na biya kuɗin babban Photoshop, ko ƙaramin nan, Elements, ya ishe ni?

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba inda hotonka zai ƙare. In aikin naka gyara haske ne, da share ƙurjin da ya fito wa amarya a goshi, da cire yaron da ya leƙo ta bayan ango, to Elements ya wadatar. Kamfanin Adobe ne ya yi su duka biyun, ya kuma sauƙaƙa ƙaramin don masu koyo.

Inda gizo ke saƙar shi ne maɗaba'a. Injin buga kalanda da katin gayyata da tawada kala huɗu yake aiki, tsarin da ake kira CMYK, wanda babu shi a Elements. Sai shuɗin shaddar da ke ƙyalli a kwamfuta ya fito a dushe a takarda, mai biki ya zo yana ɓata rai. Babban Photoshop zai nuna maka haka kafin a buga.

Sai dai tun 2013 haya Adobe ke bayar da shi, ka biya ko da ciniki ko babu. Na satar da ake cusa wa mutane a kasuwa kuwa, kar ka kusance shi. Sau da yawa da cutar kwamfuta yake zuwa.

In aljihu bai yi nauyi ba, fara da wata manhajar gyaran hoto mai suna GIMP, kyauta ce. Ranar da aikin bugu ya yawaita, ka ɗauki babban, ka saka kuɗin hayar cikin farashinka.