Darasi: Zaɓen Kayan Gyara Idan Za a Buɗe Inji

Darasinmu na wannan wata a kan inji ne: injin babur da injin ban ruwa da ake kafawa a bakin kogin Wudil lokacin noman rani. Duk fetur suke sha, kuma duk suna tsufa. Inji ya fara hayaƙi, yana shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu. Daga nan bakanike zai ce sai an buɗe shi.

A cikin inji akwai rami mai suna silinda. Fistin yana hawa da sauka a ciki. Idan ya hau, yana matse iska da fetur, sai filogi ya ba da wuta. Wannan matsi shi ne tushen ƙarfin inji. A ƙananan injuna irin Honda GX160, ana matse iskar har ta koma kamar kashi 1 cikin 9 na girmanta. Masu ƙera injin sun auna haka ne daidai da fetur na gidan mai.

To, a nan wasu ke kuskure. Saurayi yana son babur ɗinsa ya fi na abokinsa gudu. Sai ya sa a goge kan inji sosai, ko a saka gaskit siriri. Matsi ya ƙaru. Amma fetur na gidan mai yana da iyakar matsin da yake jurewa. Idan aka wuce iyakar, wani sashe nasa yana fashewa da kansa, ba a kan tsari ba. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a kan hawa da kaya. Inji ya yi zafi, kan fistin ya ƙone. Gudun wata guda, gyaran shekara guda. Mai ɗaukar buhunan tumatir ba ya buƙatar wannan.

Kafin ka sayi fistin, a auna silinda tukuna. Idan ta cinye, ana faɗaɗa ta, sannan a sa fistin mai ɗan girma. A kansa za ka ga STD, ko 0.25, ko 0.50. STD shi ne girman asali. Sauran lambobin ƙari ne da milimita. Dole zoben fistin ya zo da lamba ɗaya da fistin ɗin. Kai da ka koyi karatu, karanta da idonka. Kada ka bari a karanta maka.

Idan za ka Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon kayan a hannu, da lambar injin a rubuce. Filogi ma yana da lamba. Sayi irin wanda aka ciro, in dai shi ne na asali.

Fetur kansa a kula da shi. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan methanol cikin ƙasar nan, ya lalata injuna da dama. Na bakin hanya kuwa, wani lokaci da ruwa ko kananzir a ciki. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kowace lita tana da zafi a aljihu, kuma injin da zobensa ya cinye yana ɓarnar ta.

Bayan gyara, kada a ɗora wa inji nauyi nan take. Injin ban ruwa a sake masa baƙin mai bayan awa 20 na farko.