Kafin Ka Zuba Kifin Teku a Sabon Tanki

Sana'ata ita ce haɗa tankunan gilashi na kifin ado da kula da su, a gidaje da otal-otal da ofisoshi. Mafi tsada a cikinsu, kuma mafi saurin lalacewa, shi ne tankin ruwan gishiri mai ɗauke da murjani da kifayen teku. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin kifin da ke mutuwa a irin wannan tanki a makonnin farko suke mutuwa, kuma ba cuta ce ke kashe su ba, gaggawar mai tanki ce. An cika ruwa yau, gobe an zuba kifi, kafin mako ya zagayo an kwashe gawarwaki.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da amoniya ta ƙofofin numfashinsa da ta kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake bayarwa. A cikin teku ruwa ya yi yawan da zai shanye ta. A cikin gilashi kuwa babu inda za ta je. Ruwan teku kuma yana da awon pH wajen 8.1 zuwa 8.4, a irin wannan mataki kason amoniyar da ke zama a siffarta mai dafi ya fi yadda yake a yawancin ruwan daɗi. Za ka ga kifi ya taso sama yana haki, numfashinsa na sauri, ya ƙi abinci, alhali ruwan garau yake kamar a sha.

Masu ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda masanin Rasha Sergei Winogradsky ya fara ware irinsu a 1890. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, su ke mayar da amoniya ta zama nitrait. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira, su ke mayar da nitrait ya zama nitret, wanda dafinsa ya yi ƙasa sosai kuma ana rage shi ta canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba a cikin ruwa suka fi zama ba, a jikin duwatsu da yashi da matatar tanki suke manne, kuma suna hayayyafa a hankali. Shi ya sa sabon tanki ke buƙatar yawanci mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, wato ƙwayoyin su yi yawan da zai ishe shi.

Aikin yana farawa daga ruwa. Ruwan famfo yana iya zuwa ɗauke da kulorin da ke kashe ƙwayoyin, ruwan burtsatse kuma sau da yawa yana da ma'adinan da ke ciyar da gansakuka. A yi amfani da ruwan da ya bi ta na'urar tacewa ta RO. Gishirin ma ba na miya ba ne, akwai na musamman da aka haɗa da kalsiyam da magneziyam. A kaɗa shi har na'urar awon gishiri ta nuna 1.025 ko 1.026, zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26. A jera duwatsu masu ƙofofi, a kunna famfunan juya ruwa, a bar fitila a kashe.

Daga nan sai ciyar da ƙwayoyin. Ana ɗiga sinadarin amoniyam kulorayid har awo ya kai kusan miligiram 2 a kowace lita, ana iya ƙara ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalba ko dutsen da aka ɗauko daga tsohon tanki mai lafiya don a rage jira. Wasu suna jefa kifi mai arha ya zama shi ne tushen amoniyar. Ina roƙon a daina wannan. Rai ne, kuma azabtar da shi ake yi ba tare da larura ba.

Sauran aikin na ƙaramar kwalbar awo ne. Ka ɗebi ruwa mililita 5, ka ɗiga magani, ka girgiza, ka ɗora kan katin launi. A kayan awon da suka fi yawa a kasuwa, amoniya tana juya ruwan daga rawaya zuwa kore, nitrait kuma daga shuɗi mai haske zuwa shunayya. Da farko koren zai yi duhu, sannan ya fara kodewa yayin da shunayyar ke tasowa, daga baya ita ma ta sauka, nitret ya bayyana. Tanki ya nuna ne idan ka sake ɗiga amoniya, cikin awa 24 ita da nitrait suka koma sifili. Idan ba su koma ba, ko kwana nawa aka yi, da saura.

Mu da ke ƙasar zafi da yawan ɗauke wuta, akwai ƙarin kula. Ƙwayoyin nan da iskar oksijin suke rayuwa, idan famfo ya tsaya na tsawon lokaci sai aikin ya koma baya, don haka a tanadi inbata ko sola kafin a sayi kifi. A watan Afrilu, a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, tankin murjani yana buƙatar na'urar sanyaya ruwa. Idan ruwa ya ragu saboda tiriri, da tataccen ruwan daɗi ake cikawa, domin gishirin bai tafi ko'ina ba.

Bayan tanki ya nuna, a canza wani kaso na ruwan, a fara da kifi ɗaya ko biyu, a jira mako biyu kafin a ƙara. Ƙura mai ruwan ƙasa za ta lulluɓe yashi da gilashi, wannan ba abin tsoro ba ne, tana wucewa. Murjani shi ne na ƙarshen shiga. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Duk wanda zai haɗa maka tanki, ka tambaye shi sakamakon awon amoniya da nitrait, kada ka yarda a kawo kifi sai ka ga sifilin da idonka.