Darasi: Rumbun Yusufu da Ruwan Alau

Da daren Litinin 9 ga watan Satumba na shekarar 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Kafin gari ya waye ruwa ya mamaye sassa masu yawa na Maiduguri da Jere. Ya shiga fadar Shehun Borno, da Kasuwar Monday, da asibitin koyarwa, har da babbar majami'armu ta St. Patrick. Katangar gidan kurkuku ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka gudu. Kadoji da macizai suka fita daga gidan namun daji suka bi ruwa. Dubun dubatar mutane suka rasa matsuguni, da yawa cikinsu kuwa waɗanda tashin hankali ya riga ya kora daga ƙauyukansu ne. A watan Oktoba cutar kwalara ta biyo baya.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, wannan ba shi ne karo na farko ba. A shekarar 1994 ruwan Alau ɗin nan ya taɓa cin Maiduguri. Shekara 30 cif ke nan tsakani, isasshen lokaci na shiri, amma kuma isasshen lokaci na mantuwa. Mutanen Kano ma ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutane fiye da 360 a Nijeriya, ta 2022 kuwa fiye da 600.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, tambayar da takan fara zuwa bakinmu ita ce, wane zunubi suka yi? An taɓa kawo wa Ubangijinmu Yesu irin wannan magana. A cikin Luka 13:1-5 waɗansu sun ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Masifa ɗaya daga hannun mai mulki ce, ɗayar kuwa rushewar gini. A kan duka biyu ya ƙi yarda cewa matattun sun fi sauran jama'a laifi. Ya juyar da maganar kan masu rai, ya kira su ga tuba. Saboda haka bai dace da Kirista ya tsaya a kan tudu yana lissafin zunuban waɗanda ruwa ya ci ba. Namu ya kamata mu bincika, sakaci kuwa yana cikinsu.

Gama in mun faɗi gaskiya, ruwan sama daga Allah yake, amma ba Allah ne ya cika magudanar ruwan unguwarmu da leda da shara ba. Ba shi ne ya sayar da fili a kan hanyar ruwa ba, ba kuwa shi ne ya sare itatuwan bakin rafi ya yi gawayi da su ba. Sau da yawa abin da muke kira ƙaddara, rabinsa aikin hannunmu ne. Wani lokaci ma dukansa. A garin Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka ruga da bokiti da jarka, wuta ta tashi, mutane fiye da 150 suka mutu. Mun san talauci ne ya tura su, ba ma kuwa yi musu hukunci. Amma ko akwai iyayen da suka taɓa zaunar da 'ya'yansu suka ce musu, in tanka ta faɗi ku gudu, kada ku matso?

Yanzu sai mu buɗe Littafin Farawa, sura 41. Fir'auna ya yi mafarki, Yusufu ya fassara: shekara bakwai na ƙoshi, sa'an nan shekara bakwai na yunwa. Da Yusufu ya tsaya nan, da ya zama mai kawo mugun labari kawai. Amma ya ci gaba da shawara, a naɗa mutum mai hikima, a sa wakilai, a riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Akwai wani ɗan abu a aya ta 48 da mukan wuce ba mu lura ba. Ba a kwashe hatsin duka an kai fadar sarki ba. Kowane gari an ajiye masa abin da gonakin kewayensa suka bayar. Wato rumbun yana kusa da waɗanda za su bukace shi. Duk wanda ya taɓa jiran motar agaji ta zo daga babban birni bayan gada ta karye zai gane hikimar wannan.

Ba dukan abin da Yusufu ya yi za mu kwaikwaya ba. A sura 47 Masarawa sun sayi hatsin nan da kuɗinsu, da dabbobinsu, da gonakinsu, a ƙarshe da kansu. Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin Ayyukan Manzanni 11:27-30. Da Agabus ya yi annabcin yunwa a Antakiya, masu bi ba su jira ta iso ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, kyauta.

Mu ma ba a bar mu ba gargaɗi ba. Kowace shekara, kafin damina, hukumar NiMet takan fitar da hasashen yanayi, hukumar NIHSA kuma takan ambaci ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Ana faɗa a rediyo. Sai dai labarin yakan tsaya a ofisoshi da kunnen masu boko, ba ya kai wa tsohuwar da ke zaune a bakin fadama. Amma tsohuwar nan tana zuwa Misa. Ba mu da wani taro da ya fi na Lahadi kai wa ga kowa, saboda haka ya kamata Fada ko katekist ya karanta irin wannan sanarwa kamar yadda ake karanta sanarwar aure.

Abu mafi muhimmanci a ganinmu shi ne sanin mutane. Ruwan Maiduguri da tsakar dare ya zo. A irin wannan sa'a mai ƙafa yakan tsira, amma makaho fa, da gurgu, da mai tsohon ciki, da gwauruwa mai ƙananan yara huɗu? Zumuntar Mata ta san su gida gida, haka ma Ƙungiyar St. Vincent de Paul. A rubuta sunayensu tun rani, a ba kowane ɗaya saurayi guda daga ƙungiyar matasa wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. A kuma san tudun da za a nufa da hanyar da za a bi. Maƙwabcinmu Musulmi ma a sa shi cikin lissafi, a yi shawarar tare da mai unguwa da liman, gama magudanar ruwanmu ɗaya ce.

Sauran abubuwan sanannu ne. A yashe kwatoci kafin ruwan fari. A ɗaure takardun gida da na makaranta cikin leda. Littattafan rajistar baftisma da na aure a ɗaga su daga ƙasan kabad. Irin shuka a ajiye shi a wuri mai bisa, kuma daga hatsin da ake kawowa a bikin godiyar kaka, a ware wani kashi kada a yi gwanjonsa.

Bayan ruwa ya janye ne wani haɗarin yake farawa, domin masai yakan cika ya malala cikin rijiyoyi. Kada a sha ruwan da ba a tafasa ba. Idan zawo ya kama mutum, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi yana kurɓa a kan hanyar zuwa asibiti.

Muna roƙon kowace majalisar farish ta zauna a kan wannan darasi kafin ƙarshen Azumi, tare da wakilan JDPC da katekist na majami'un ƙauyuka. A fara da kiran dattawa biyu ko uku, su nuna da hannunsu inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi yin ɓarna a garin, a sa alama a bango.