Kafin Ka Sayi Littafi Mai Bangon Fata, Buɗe Ciki Tukuna

Masu sayar da tsofaffin littattafan labari na Turawa sun san abin da ke jan ido: bangon fata, rubutun ruwan zinare, da gefen takardu mai ƙyalli. A nan sabon shiga yake zubar da kuɗinsa. Shawarata ita ce ka ƙyale bangon tukuna, ka buɗe ciki ka ga wane ne ya yi zanen, da kuma hanyar da zanen ya bi ya hau takarda.

Hanyar da ake nema ita ce sassaƙar ice wadda Thomas Bewick, mutumin Newcastle a Ingila da ya rasu a 1828, ya ɗaukaka. Ana yanka ice mai tauri a kwance, a goge fuskar ta yi sumul, sannan a bi ta da ɗan ƙarfe mai tsini. Duk inda ƙarfen ya ci, fari zai fito a takarda; inda aka bari shi ke ɗaukar tawada. Shi ya sa za ka ga siraran layuka farare suna ratsa baƙi wuluk. Amma kada baƙi da fari su ruɗe ka. Zanen Rockwell Kent na Moby Dick, bugun 1930, da yawa suna ɗaukarsa sassaƙa, alhali da tawada ya zana shi. Moby Dick mai sassaƙar gaske shi ne na Barry Moser, wanda maɗaba'ar Arion ta fitar a 1979, kwafi 265 kacal.

Ka riƙe wasu sunaye. Fritz Eichenberg, wanda ya baro Jamus zuwa Amurka a 1933, ya yi wa Jane Eyre da Wuthering Heights sassaƙa a 1943. Lynd Ward ya yi Frankenstein a 1934. Clare Leighton ta yi nata Wuthering Heights a 1931, Agnes Miller Parker kuma ta ƙawata littattafan Thomas Hardy. Abin lura, yawancin waɗannan da bangon yadi ko na kwali suka fara fitowa, kuma a wurin masana sun fi kwafin fata da aka sake bugawa daga baya daraja.

Ga dalili. A 1929 George Macy ya kafa Limited Editions Club, wadda a lokacin take buga kwafi 1,500 na littafi, yawanci da lamba da sa hannun mai zanen a shafin ƙarshe. A 1935 ya ƙara Heritage Press domin masu ƙaramin ƙarfi. Daga baya Easton Press ta riƙa sake fitar da irin waɗannan zane-zane cikin bangon fata, masu ɗimbin yawa. Littattafai ne masu kyau, ba na musu, sun dace da kanta kuma suna da daɗin riƙewa. Sai dai abin da ke cikinsu hoton zanen ne, don haka ka saye su don karatu da ado, kada ka sa rai za su yi tsada nan gaba.

Idan littafin yana hannunka, karkata shafin zuwa haske ka shafa bayansa a hankali. Bugun da aka danna kan katako ko ƙarfe yakan bar ɗan gurbi. Sa gilashin ƙara girma a kan siraran layukan: idan sun tsaya tsaf, madalla, idan sun haɗe ko sun dushe, an kwafo ne. Idan ta intanet za ka saya, nemi hoton shafin ƙarshe da na mahaɗar bango, a nan yake fara tsagewa.

Yanzu sai fatar, kuma a nan muna da ta cewa. Wani kaso na abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, fatar jar akuyar Sakkwato ce da majemanmu suka jeme da bagaruwa, fatake suka ƙetara Sahara da ita. Masu ɗinkin littafi a Ingila sun san ta da sunan fatar Neja, suna yabon ƙarkonta. Fatar akuya ta gaske tana da ƙananan ƙuraje marasa tsari ɗaya. Akwai kuma ta bogi, garin fata da aka dama da gam aka shimfiɗa, wadda ke ɓarewa bayan 'yan shekaru. Tsohuwar fata da ke barin jan gari a yatsa ta riga ta ruɓe, kuma ba ta komawa yadda take, sai a rage maka kuɗi ko ka haƙura.

Ajiya a ƙasarmu sai da lura. Hunturu na busar da fata har ta tsage, damina na kawo fumfuna, gara kuwa ba ta san tsada ba. Ɗaga kanta daga ƙasa, ka janye ta daga bango, nesa da taga. Kada ka shafa man kaɗanya ko man takalmi, yana ratsawa ya ɓata takarda. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. In za ka ciro littafi, tura na gefensa ciki ka kama shi ta tsakiya, domin jan sa ta ka shi ke yaga bangon.