Dawa ta gona ko dawa na daji?

Manomin Funtua da ya tura wa wansa saƙon waya cewa "fara ta shiga dawa" ya bar shi cikin ruɗani: gonar dawa take ci, ko daji ta nufa? Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa kalmomin suke kama a rubuce, alhali a baki sun bambanta. Gara ya ƙara kalma guda, ya ce "gonar dawa".

San huɗa da sa taki kuwa har furucinsu ɗaya, jimla ce ke raba su.

Auduga da kaɗa ma'anarsu ɗaya. Sai dai dillalin Malumfashi ya kula da lanƙwasar ɗ, don idan ta faɗi, kadan ruwa ya rubuta.