Darasi: Kwaɗon Kabeji da Karas da Mangwaro

Daga lokacin sanyi zuwa bazara, kayan lambu na noman rani kan yi araha a kasuwar Kambaza. Ga kabeji, ga karas, ga albasar Aliero, can kuma mangwaro ya nuna. Sai dai gidaje da yawa ba sa cin kabeji sai an dafa shi cikin shinkafa ya yi lugub. Wannan asara ce, domin wuta tana lalata bitamin C, sinadarin da ke ƙarfafa dasashi, yake kuma taimaka wa miki ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace kullum, kuma kwaɗo hanya ce mai sauƙi ta kusantar wannan awo.

A cire ganyen waje na kan kabeji, a raba shi huɗu, a fitar da kututturen tsakiya, a wanke, a yanka siriri. A kankare karas biyu a goge su. A yanka albasa ɗaya, da mangwaron da ya nuna amma bai yi laushi ba, ko gwanda. Sai a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da gishiri da yaji, a zuba man gyaɗa cokali biyu, a matse lemun tsami, a cakuɗa. Man nan ba don daɗi kaɗai ba ne. Da maiƙo jiki yake tsotse sinadarin karas da mangwaro wanda yake mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi. Idan za a ƙara dankali, sai an dafa shi kafin a haɗa. Rogo kuwa kada a sa shi ɗanye, domin yana da dafi.

Wani zai ce ɗanyen ganye yana kawo gudawa da taifot. Tsoronsa yana da tushe, amma cutar daga ƙazantar ruwan ban-ruwa da taki da hannu take zuwa. Saboda haka a wanke hannu da sabulu, a wanke kayan da ruwan da ake sha tun kafin a yanka, kada a yi amfani da wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama. A rufe kwanon saboda ƙuda, a cinye nan take, kada ya kwana. Idan kwalara ta ɓulla a gari, a koma ga dafaffe har ta lafa.

Wani kuma zai ce wannan cimar masu kuɗi ce. Ai uwargidan da ta iya kwaɗon zogale da na rama ta riga ta iya wannan, kuma ƙuli-ƙuli ya wadatar ba sai da bama ba. Kayan duk a ƙasarmu ake noma su. Abin da ya rage mana shi ne tsabta, da sa wa yara nasu kason.

Tambayoyi: Me ya sa ake zuba man gyaɗa? Wace saiwa ce ba a ci ɗanya saboda dafi?